Gawa Ma Tana Ba da Shaida

Mutuwa biyu, wata ɗaya tsakani

Ranar 8 ga Yunin 1998 Janar Sani Abacha ya rasu a fadar Aso Rock da ke Abuja. A ranar aka ɗauke shi a jirgi zuwa Kano aka yi masa sutura, ba tare da wani likita ya buɗe gawar ba. Ranar 7 ga Yuli, a Abujar dai, ciwo ya turnuƙe Cif Moshood Abiola yana tsakiyar ganawa da wata tawagar Amurka, bayan an ba shi shayi, kuma bai kwana ba. Shi kam an bincika gawarsa a Legas, a hannun likitocin da aka gayyato daga Amurka da Birtaniya da Kanada. Sun tarar da zuciyarsa ta kumbura, hanyoyin jininta sun tsuke, irin ɓarnar da hawan jini na shekaru ke yi, kuma ba su ga guba ba. Har gobe ana taɗin tuffar da aka ce an ba Abacha da shayin Abiola a majalisu. Bambancin kawai, mai musun mutuwar Abiola yana da rahoton da zai kama ya soka. Mai musun ta Abacha kuwa ba shi da komai sai "an ce".

Masu aikin binciken gawa kala biyu ne. Akwai likitan binciken gawa, wanda aikinsa ke kan nama da jini da kayan ciki. Idan nama ya tafi, saura ƙwarangwal, sai a kira masanin ƙasusuwan ɗan Adam. Tambayoyinsu ɗaya ne: wane ne wannan, yaushe ya mutu, me ya kashe shi, kuma ta wace hanya, wato ajali ne na ciwo, ko haɗari, ko kisa, ko shi ya kashe kansa. Akwai amsa ta biyar da likita mai gaskiya ba ya kunyar rubutawa: ba a gano ba. A tsarin da Najeriya ta gada daga Turawan Ingila, alƙalin majistare ne ake ɗora wa binciken mutuwar da ake tantama a kanta, shi ke ba da umarnin a buɗe gawa.

"Zuciyarsa ce ta tsaya" ba dalilin mutuwa ba ne. Duk wanda ya mutu zuciyarsa ta tsaya. Abin da ake nema shi ne abin da ya tsayar da ita.

Agogo uku a jikin mamaci

Na farko sanyi. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi sun ce gawa na rage zafi da kusan digiri ɗaya a kowace awa. To amma gawa ba ta iya yin sanyi fiye da ɗakin da take ciki. A Abuja cikin watan Maris, lokacin da zafin rana ke kai digiri 37 ko ya zarce, daidai da zafin jikin mai rai, wannan agogo ya tsaya cak. Wanda ya ɗauko lissafin Landan ya yi aiki da shi a Gwagwalada zai ɓata wa kotu lokaci ne kawai.

Na biyu sandarewa. Tsoka tana buƙatar wani sinadarin kuzari kafin ta saki, ba kafin ta ɗaure kaɗai ba. Da numfashi ya yanke, sinadarin ya ƙare, sai tsokar ta ƙage a inda take. Abin na farawa bayan awa biyu zuwa shida, daga fatar ido da muƙamuƙi, ya cika jiki wajen awa 12, sannan ya saki bayan kwana ɗaya da rabi ko biyu. Masu wankan gawa sun san wannan tun kafin su ji sunan likita, shi ya sa ake gaggauta rufe wa mamaci ido, a ɗaure masa haɓa, a miƙe masa gaɓoɓi. Zafi na hanzarta shi, haka ma gudu ko kokawa dab da mutuwa.

Na uku kwanciyar jini. Zuciya na dainawa jini zai gangara ya taru a ɓangaren da ke ƙasa, ya rina fatar wajen. Bayan awa takwas zuwa 12 rinin ya zauna, ko an juya gawar ba ya canja wuri. Saboda haka idan aka tsinci mutum a kife, amma rinin na gadon bayansa, wani ya taɓa gawar bayan mutuwa. A baƙar fata abin na da wuyar gani, sai likita ya duba farce da tafin hannu da kayan ciki. Wannan ma wani wuri ne da hotunan littattafan Turai ba sa taimakon ɗalibinmu.

Launin jinin kansa magana ne. Iyalin da suka kwana da janareta a baranda ko a ɗaki, aka wayi gari babu mai motsi, jininsu kan fito jawur mai haske, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙin ta kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu. Iskar ba ta da wari, ba ta da launi. Sau da yawa kafin likita ya iso, unguwa ta riga ta yanke hukunci cewa abincin dare aka sa wa guba, har an fara nuna wata da yatsa.

Gashi da farce ba sa girma bayan mutuwa. Fata ce ke bushewa ta ja baya, sai a ga kamar gemu ya ƙaru.

Ƙuda, ɗan sandan farko

A shekarar 1247 wani alƙalin ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta littafin da ake ɗauka shi ne mafi daɗewa kan binciken gawa. A ciki ya kawo labarin wani mutum da aka sassare da lauje a ƙauye. Mai bincike ya sa kowane manomi ya kawo laujensa, aka jera su a rana. Duk a goge suke, amma sai ƙudaje suka yi dafifi a kan guda ɗaya. Ido bai ga jini ba, ƙuda ya ji shi. Mai laujen ya amsa laifinsa.

Har yau ƙudan nan mai ƙyallin kore yana cikin masu ba da shaida. Yakan iso gawa cikin 'yan mintuna, ya zuba ƙwai a ido da hanci da baki da duk inda rauni yake. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana guda ko ƙasa da haka, tsutsar ta bi matakai uku na girma, kowanne da adadin zafin da yake buƙata. Masanin ƙwari zai auna tsutsar da ta fi girma, ya nemo bayanin yanayin kwanakin, ya lissafa baya zuwa ranar da aka zuba ƙwan. Idan kuma aka ga tsutsa ta yi cincirindo a tafin hannu, inda babu wata kafa ta halitta, ana zargin mamacin ya tare wuƙa da hannunsa. Kai, har ƙwayar da mutum ya sha kafin ya mutu ana iya samun ta a cikin tsutsar da ta ci namansa.

Wani likitan Jamus na ƙarni na 19, Johann Casper, ya bar ƙa'idar da ake koyarwa har yanzu: ruɓewar mako ɗaya a sarari daidai take da ta mako biyu a ruwa, da ta mako takwas a cikin ƙasa. Ƙa'idar ba ta da tabbas sosai, kuma babban malami ma na iya shan ƙasa. A 1977 aka kira Dakta William Bass na jami'ar Tennessee a Amurka ya duba wata gawa da aka gani a bakin wani tsohon kabari da ɓarayi suka tone. Ya ga nama da sauran ja a jiki, ya ce mutuwar ba ta kai shekara ba. Ashe mai kabarin ne da kansa, Kanar William Shy, wanda aka kashe a yaƙin basasar Amurka a 1864, an yi masa maganin hana ruɓewa an rufe shi a akwatin ƙarfe. Kuskuren shekara 113. Haushin wannan ya sa a 1981 Bass ya killace wani fili a garin Knoxville, inda ake ajiye gawarwakin waɗanda suka yi wasiyya da jikinsu, wasu a rana, wasu a inuwa, wasu a but ɗin mota, ana rubuta yadda kowacce ke lalacewa.

Wuta, ruwa, maƙogwaro

Gawar da aka ciro daga gobara, idan akwai baƙin hayaƙi a cikin maƙogwaronta da huhunta, mai ita yana numfashi lokacin da wutar ke ci. Idan hanyar iskar fes take, wataƙila an kashe shi ne sannan aka cinna wutar don a ɓatar da sawu. Dunƙule hannu da gawar gobara ke yi ba alamar faɗa ba ce, zafi ne ke tattare tsoka.

A ruwan kogi akwai wasu ƙananan halittu masu ɓawo mai tauri da ido ba ya gani. Wanda ya nutse da ransa yakan shaƙe su, zuciya ta harba su har cikin ɓargo. Wanda aka jefa bayan ya mutu ba shi da zuciyar da za ta kai su can. Likitoci na ɗaukar wannan gwaji a matsayin ƙarin hujja ne kawai.

Ƙarƙashin haɓa akwai wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa wanda bai haɗu da kowane ƙashi ba, tsoka ce kawai ke riƙe da shi. Karyewarsa na nuna shaƙewa, amma rashin karyewarsa ba ya wanke kowa, musamman a jikin yara da matasa da nasu bai gama tauri ba.

Rauni ma sai an tantance wanda ya yi kisa. Shugaban Rum Yuliyas Kaisar, da aka kashe shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, an soke shi sau 23. Likitan da ya duba shi, Antistiyus, ya ce suka ɗaya ce kawai a ƙirji ta isa kisa.

Abin da ƙashi ya riƙe

Jariri na zuwa duniya da ƙasusuwa wajen 270 ko fiye, babba kuma 206 gare shi, domin da yawa suna haɗewa yayin girma, kowanne da lokacinsa. Na ƙarshen kammala haɗewa shi ne ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda kan kai mutum dab da shekara 30. Ƙugu ne ke bambanta mace da namiji fiye da ƙoƙon kai, saboda na mace ya fi buɗewa domin haihuwa. Ƙashin cinya kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon mutum. Tsohuwar karayar da mai ɗori ya ɗaure ta ɗan karkace tana nan, haka cutar sikila na barin tabo a kan ƙashin cinya da ƙashin baya.

Ƙashin mai rai, ko wanda bai daɗe da mutuwa ba, yana karyewa ne kamar ɗanyen reshe, ya lanƙwasa ya tsage da santsi, busasshe kuwa ya ɓalle kamar karan dawa. Da haka ake raba sara na kisa da saran shebur ɗin mai tono. Harsashi ma na barin adireshi a ƙoƙon kai: inda ya shiga, ramin ƙarami ne a waje mai faɗi ta ciki, inda ya fita kuma akasin haka. Wanda aka ce an harbe shi yana kawo hari, amma ramin shiga na ƙeyarsa, ƙoƙon kansa ya ƙaryata rahoton.

Wanda ya fi burge ni shi ne na abinci. Gero da dawa da masara suna ɗaukar sinadarin kabon daga iska ta wata hanya dabam da ta shinkafa da alkama da doya, kuma wannan bambanci na shiga ƙashi da haƙorin mai ci ya zauna. Wanda ya tashi da tuwon dawa da fura, ɗakin gwaji na iya bambanta ƙashinsa da na wanda ya tashi da sakwara. Haƙori kuma ba ya sabunta kansa bayan yarinta, don haka yana riƙe da alamar ruwan garin da mutum ya girma, ko da a wata nahiya ya mutu.

 

Maƙabarta a tsakiyar Tenere

A shekarar 2000 Paul Sereno na jami'ar Chicago ya shiga hamadar Tenere a Nijar neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ɓace tun kafin ɗan Adam. Sai ya ci karo da mutane. Wurin, da ake kira Gobero, bakin wani tafki ne a da, kuma an ƙirga kaburbura wajen 200 a cikinsa. Ƙasusuwan sun nuna al'umma biyu da fari mai tsawo ya raba zamaninsu. Na farko, wajen shekara 10,000 da suka wuce, dogaye ne ƙarfafa, wasunsu sun doshi mita biyu, masunta masu kama giwan ruwa a inda yau ko ciyawa babu. Na biyun sun fi gajarta da siranta. A cikinsu aka sami wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtse, da wata mata da yara biyu da aka binne suna rungume da juna shekara 5,000 da wani abu da suka wuce. Shekarun yaran, wajen biyar da takwas, daga haƙoransu da ƙasusuwansu aka karanta, da dabarar da ake amfani da ita a shari'ar kisa a yau.

Kabarin da aka buɗe

A watan Yunin 2005 'yan sanda a Abuja suka kashe matasa shida, maza biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo da budurwa ɗaya. Aka ce 'yan fashi ne, aka binne su cikin gaggawa. Da hayaniya ta yi yawa, gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Olasumbo Goodluck, aka tono gawarwakin aka duba su. Ramin ƙarya ƙurarre ne: labarin fashi bai tsaya ba, gwamnati ta nemi afuwar iyalai ta biya diyya. Sai a Maris ɗin 2017, bayan shekara kusan 12, babbar kotun Abuja ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku.

Na Burkina Faso ya fi wannan ɗaure kai. An kashe shugaban ƙasar, Thomas Sankara, ranar 15 ga Oktoban 1987, kuma takardar shaidar mutuwarsa, da sa hannun likitan soja, ta ce mutuwar Allah da Annabi ya yi. A Mayun 2015 aka buɗe kabarinsa a Wagadugu. Lauyan iyalinsa ya bayyana cewa binciken ya nuna raunin harsasai fiye da goma. Amma gwajin DNA da aka kai Faransa bai ba da komai ba, shekara 27 a ƙasa mai zafi ta cinye abin da za a gwada. A Afrilun 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya gaje shi a mulki, ɗaurin rai da rai ba ya nan, kuma likitan da ya sa hannun na cikin waɗanda aka gurfanar.

Kai samfurin DNA waje ba Burkina Faso kaɗai ta yi ba. Jirgin Dana da ya tashi daga Abuja ranar 3 ga Yunin 2012 ya faɗi a unguwar Iju-Ishaga ta Legas da mutum 153, ba wanda ya tsira. Wuta ta hana a gane da yawansu da ido. Tawagar Farfesa John Obafunwa ta yi aiki da haƙora da hoton ƙashi da jinin 'yan'uwa, amma samfuran sai da aka tura su Ingila. Sai a 2017 jihar Legas ta buɗe nata ɗakin gwajin DNA.

Likita ba alƙali ba ne

Shari'u biyu na Abuja sun nuna haka, kowacce ta fuskarta. A shari'ar Maryam Sanda, kan mutuwar mijinta a Nuwamban 2017, lauyoyinta sun kafe cewa ba a yi binciken gawa ba, amma a Janairun 2020 kotu ta same ta da laifi bisa sauran hujjoji, domin a dokar Najeriya rahoton likita ba sharaɗi ba ne idan musabbabin mutuwa a bayyane yake. A ta mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu, wadda ta rasu a Afrilun 2022, an yi binciken a Babban Asibitin Ƙasa, rahoton bai nuna tabon duka ba, ya lissafa cututtuka a zuciya da huhu. Duk da haka a Afrilun 2025 kotu ta sami mijinta da laifi, bayan ta saurari shaidu.

Mutuware ma kan ɓata shaida ba da niyya ba. Saboda rashin tsayayyiyar wutar lantarki, wurare da dama na ɗura wa gawa sinadarin fomalin da zarar an kawo ta, shi kuwa yana gurɓata gwajin guba, ya lalata DNA. Jinkiri ma haka. Mawaƙi Mohbad ya rasu a Legas ranar 12 ga Satumban 2023, aka binne shi washegari, aka tono shi bayan kwana takwas, kuma likitan da ya duba shi ya shaida wa kotu cewa ruɓewa ta hana a gano abin da ya kashe shi.

Mu kuma da muke gaggauta sutura

Musulmi na da hujjarsa ta ƙin jinkirta jana'iza da ta kare mutuncin mamaci, kuma uba da ya ce "na bar wa Allah" ba jahilci ne ya sa shi faɗa ba. Sai dai malamai sun daɗe da duba mas'alar. A 1976 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta buɗe gawa domin binciken laifi da kuma gano annoba. Aikin kansa awa biyu zuwa huɗu ne a mafi yawan lokuta. Abin da ke cinye kwanaki shi ne takardar 'yan sanda, da kuɗin da ake ɗora wa iyali, da ƙarancin likitocin. Jami'ar Bern a Suwizalan ta fito da hanyar duba gawa da na'urar hoton cikin jiki ba tare da yanka ba, kuma Musulmi da Yahudawa a wasu biranen Ingila na amfani da ita. Tana ganin karaya da harsashi da zubar jini sarai, amma guba da wasu cututtukan zuciya kan kuɓuce mata.

Inda gawa ta riga ta shiga ƙasa, akwai binciken baki: ma'aikaci ya zauna da waɗanda suka yi jinya, ya bi jerin tambayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, zazzaɓi ne, tari ne, kwana nawa, sannan likitoci su fitar da dalilin da ya fi kusa. Da shi aka bi mace-macen Kano na Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka fara kokawa da yawan aiki, gwamnatin jiha kuma ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya sanar a Abuja cewa an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona.